Dodo Mai Harara-Garke

"Wannan kam ba zai shiga ba," in ji mai shirya jana'izar. Ya sa hannu biyu ya ɗago dodon wasan daga gefen kafaɗar marigayi Genzo, ya miƙa wa maƙwabciyarsa Hatsue yana sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, Inna. Roba ce."

Hatsue ta karɓa, don ba ta da yadda za ta yi. Ba a yi minti biyu ba da ta cusa shi cikin akwatin gawar, ƙarƙashin farin mayafi, lokacin da kowa ya juya wajen kunna turare. Jelar ce ta tona mata asiri. Ta leƙo waje, koriya shar, da ƙayoyi a jere.

"Goggo, me kike yi haka?" Mizuho ce, 'yar Genzo tilo, wadda ta iso daga Sendai shekaranjiya kuma tun da ta zo ba ta yi barcin kirki ba.

"Shi ya ce. Na yi masa alkawari."

Mai shirya jana'izar ya ƙara sunkuyawa. "Idan wuta ta kama, roba narkewa take yi ta manne wa ƙashi. Sai a fito da mamaci a tarar ƙasusuwan sun yi baƙi ko kore, sun cuɗe da juna, dangi ba sa iya tsince su su zuba a tulu kamar yadda aka saba. Masu ƙonawa ba sa yarda sam. Wasiƙa, alewa, karan taba biyu, duk babu laifi. Wasu kuma hoton abin suke ɗauka su saka."

"Hoto," Hatsue ta maimaita. Ai Genzo ya sha faɗa mata cewa hoton dodo da hoton abinci duk ɗaya ne, babu wanda ke ƙosar da mutum.

"Shekara hamsin dodannin nan suna gidanmu," Mizuho ta ce. "Ɗakin da ya kamata ya zama nawa su aka ba. Yanzu har cikin akwatin ma sai sun biyo shi? Goggo, na roƙe ki. Ki bar ni in tsinci ƙasusuwan ubana farare."

Hatsue ta tura dodon cikin jakar cefanenta, kansa ya ƙi shiga. Haka ta tako har layinsu da yamma, kan dodo a waje, ido ɗaya na kallon hanya, ɗayan na kallonta. Duk takun da ta yi sai wani abu ya yi ƙwas-ƙwas a cikinsa. Ta ce a ranta ko ta karya masa wani abu ne wajen cusawa. Gobe ƙarfe goma za a yi addu'a, sha ɗaya a rufe akwatin.

Shekara arba'in da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin gidan Hatsue da na Genzo, a ƙarshen layinsu da ke unguwar Katsushika, inda jirgin ƙasa ke girgiza kofuna duk minti goma. Genzo mai fesa fenti ne a wata ƙaramar masana'antar kayan wasa da ke bakin kogi. Dodannin fim suke yi, irin waɗanda ke fitowa daga teku su tattake gari. Da masana'antar ta rufe sai ya ci gaba da tara su, nasu da na wasu, tsofaffi da sababbi, har suka haura ɗari uku. Ya san wanda ya zuba kowanne da wanda ya yi masa fenti. Sai ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske ya ce, dubi yadda aka fitar da kowane ɓawon fata, dubi yadda shuɗin ya shige cikin koren ba tare da an ga inda suka haɗu ba.

A ɗakin sama suke, kan katakai, kowanne da ɗan danƙo a tafin ƙafa saboda girgizar ƙasa. Kuma a ɗakin ne kaɗai aka sa na'urar sanyaya ɗaki a duk gidan, domin roba ba ta son zafi. Idan ta sha zafi sai ƙafafu su lanƙwashe, dodo ya karkace kamar mashayi. Shi kuwa Genzo a ƙasa yake kwana, kusa da madafa, da wata tsohuwar fanka mai kuka.

"Gen-san, dodanninka na shan sanyi kai kana dahuwa," Hatsue kan ce wa Genzo ta taga.

"Ni ai na riga na lanƙwashe. Su da sauransu."

"In ka mutu a nan ni za ka bari da wari."

"To ki daina shinshina gidan mutane, tsohuwa mai sa ido."

Idan aka kawo masa wanda ya karkace, sai ya zauna a bakin ƙofa da daro da butar shayi. Ya tsoma dodon cikin ruwan zafi har ya yi laushi, ya miƙe masa ƙafa, ya tsoma a ruwan sanyi. Wani lokaci ya murɗa kan ya cire don ya goge ciki. Ya taɓa ɗaga mata ɗaya ya ce, "Kin gani? Ciki fanko ne. Kamar kanki."

Amma mai harara-garken ba ya sauko da shi. Shi ne mafi muni a cikinsu, fentinsa ya koɗe, idanunsa ba su yarda da juna ba. Matarsa Tokie ce ta ɗiga masa idanun a makonta na farko a masana'antar, tana da shekara sha tara, hannunta na rawa. Mai masana'antar ya jefa shi kwandon shara. Genzo ya tsince shi ya kai mata ya ce shi dai a ganinsa dodon ya fi kyau haka, yana ganin abokan gaba ta ɓangare biyu. Shekara biyu bayan nan suka yi aure. Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta.

Bana zafin watan Agusta ya wuce misali. Kullum ƙarfe shida na safe Genzo kan zuge murfin tagarsa ya buga shi sau biyu, Hatsue ta buga nata sau ɗaya, kowa ya san ɗan'uwansa ya kwana da rai. Ranar Talata ta buga nata, ba ta ji komai ba. Ta jira har jirgi biyu suka wuce. Ta ɗauko mabuɗi daga ƙarƙashin tukunyar fure ta shiga. Yana kwance a ƙasan madafa, rigarsa sharkaf, fanka na kaɗa masa iska mai zafi. A sama kuwa na'ura na ta aikinta.

A asibiti suka ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin damansa ya mutu, bakinsa ya karkace. Ranar Alhamis da la'asar, Mizuho ta fita yin waya, sai ya buɗe ido ya kafe Hatsue da kallo.

"Mai... harara."

"Yana nan lafiya. Na duba su da safe, duk suna tsaye."

"Tare... da ni."

"Ka ga, bar irin wannan magana. Waye zai biya kuɗin wutar dodanni in ka tafi?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗago hannun hagu da ƙyar, ya dunƙule yatsu huɗu, ya bar ƙaramin a tsaye. Hatsue ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta sarƙa ƙaramin yatsanta da nasa kamar yadda yara ke yi in za su ƙulla alkawari, ta girgiza sau uku.

"Na ji. Na ɗauka. Tare za ku tafi."

Ya zare yatsansa, ya sake ɗaga shi. Ta sake kamawa. Ya runtse ido kamar wanda aka taka.

"Ruwan... zafi."

"Shayi kake so?" Ta fita da sauri ta samo, ma'aikaciyar jinya ta hana, wai zai shaƙe. Sai ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ya kau da kai. "Ruwan zafi," ya sake cewa, sau biyu, na ƙarshen ko sauti babu. Kashegari da tsakar rana ya cika, Mizuho na riƙe da hannunsa, Hatsue kuma tana gida tana ba furanninsa ruwa.

Ranar jana'iza tun ƙarfe biyar ta tashi, in ma za a kira abin da ta yi barci. Ta shirya dabaru ta warware ba adadi. Ta ce ko ta yanko ƙarshen jelar, ɗan mitsitsi, ta ɓoye cikin furanni? Sai ta ga Mizuho tsaye riƙe da tsinken tsintar ƙashi, a gabanta wani abu kore ya manne a haƙarƙarin ubanta, jama'a na kallo. To ko ta haƙura da hoton? Sai ta ji yatsan Genzo cikin nata, busasshe, mai sanyi. A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa roƙonta ko gishiri ba. Abu ɗaya ya nema.

Ta shiga madafa, sai ta tsaya cik. Dodon da ta ajiye kan tebur ya kwana cikin zafin gidanta. Ƙafar hagu ta lanƙwashe, ya jingina da kwalbar miya.

"Wayyo, Gen-san, ka yafe ni," ta ce da ƙarfi. "Kwana ɗaya kawai a hannuna."

Ko hotonsa za a ɗauka, ai ba a haka ba. Ta ɗora buta, ta jawo daro. Da ruwan ya tafasa ta sirka kaɗan kamar yadda ta sha ganin yana yi, ta kwantar da dodon a ciki. Tururi ya taso mata a fuska. Tana tsaye da butar a hannu sai maganar ta dawo mata, da muryarsa, da karkataccen bakinsa.

Ta ajiye butar a hankali. Ta jira robar ta yi laushi. Ta kama kan da tawul ta murɗa, ya ƙi. Ta ƙara tsomawa, ta murɗa da ƙarfi, yatsunta na ƙuna. Sai ya yi fut ya fita. Ta kife gangar jikin a tafin hannunta, wata 'yar kwalbar magani ta faɗo.

A cikin kwalbar akwai farar takarda a naɗe. A bayanta, da rubutun Genzo mai kama da tafiyar kaza, an sa suna da kwanan wata: Tokie. Ta warware. Ɗan ƙashi ne fari, bai kai rabin ashana ba, marar nauyi kamar busasshen ganye.

Hatsue ta tsinci ƙashin mijinta, da na iyayenta, da na Tokie ɗin kanta. Ba ta bukatar a gaya mata mene ne. Ta tuna ranar, shekara goma sha ɗaya baya, yadda tari ya sarƙe Genzo a gaban farantin ƙasusuwan, ya sunkuya, hankicinsa ya faɗi a kai, ya ɗauke da sauri yana ba da haƙuri. Ashe ba tari ba ne. Ashe kuma yatsan da ya yi ta ɗaga mata a asibiti ba alkawari yake nema ba. Haka mazan zamaninsu ke ɗaga ƙaramin yatsa in suna nufin matarsu.

Ta zauna a ƙasa. Da farko sanyi ta ji a ranta, ba roba yake so ba, an huta. Sai kuma gabanta ya faɗi fiye da na jiya.

Tokie ba ta kabarin gidan su Genzo. Tana Akita, wajen iyayenta, kuma ita ta zaɓa. Shekara ashirin ta yi tana hidimar uwar mijinta, matar da ba ta taɓa kiranta da sunanta ba. A bakin wannan tagar ta faɗa wa Hatsue, tana shanya: "Na ba ta rayuwata. Mutuwata kam ba za ta samu ba. In kika bari aka kwantar da ni kusa da tsohuwar nan, sai na dawo na ja miki ƙafa." Genzo kuwa kabarin gidansu za a kai shi, gefen uwarsa. In ɗan ƙashin nan ya shiga wuta da shi, can zai tafi.

Ta dubi agogo. Takwas da rabi. Ta mayar wa dodo kansa, ta miƙe masa ƙafa, ta tsoma a ruwan sanyi. Ta saka baƙar rigarta. Ta naɗe takardar ta tura cikin ɗamara, ta ciro, ta sa a jaka, ta sake cirowa ta mayar cikin ɗamara. A hanya ta yanke shawara sau uku ta warware. Ta saka a ɓoye, ba wanda zai sani sai ita da matattu biyu. To ai matattun ne abin tsoro.

A zauren jana'iza ta ƙi zama har aka fara addu'a. Malamin ibada yana ta karatunsa, ita kuwa hannunta na kan ɗamara. Da aka gama, aka ce 'yan'uwa su matso su zuba furanni kafin a rufe, sai ta kamo hannun rigar Mizuho ta ja ta bayan labule, inda aka tara kujeru.

"Goggo, in dai maganar dodon nan ce..."

"Ba shi ba ne. Miƙo hannunki."

Mizuho ta karanta sunan. Ta warware takardar. Ta daɗe tana kallo, fuskarta ta yi fari.

"A ina?"

"Cikin mai harara-garke."

"Shekara goma sha ɗaya?" Muryarta ta tashi, ta danne ta. "Mama na cikin dodo shekara goma sha ɗaya? Ni ina hawa jirgi duk shekara zuwa Akita ina wanke dutsen kabarinta, ita tana ɗakin sama?"

"Ɗan wannan ne kawai. Sauranta na can."

"Sata ya yi, Goggo. A gaban kowa."

"Sata ya yi," in ji Hatsue. "Ni na yi masa alkawari ban san abin da na ɗauka ba. Ita kuma kin san abin da ta ce game da kakarki. In na saka na ci amanarta, in na bari na ci tasa. Ni ba jininsu ba ce. Ke ce. Sai dai ki yi sauri, suna jira."

Daga bayan labule mai shirya jana'izar ya yi gyaran murya. "A gafarce ni, motar ta iso."

"Muna zuwa," Mizuho ta ce ba ta juya ba. Ta ɗago takardar kusa da idonta. "Wane ƙashi ne wannan?"

"Na yatsa ne, ina ji. Ƙarami."

Mizuho ta toshe baki da bayan hannu. Kafaɗunta suka fara rawa. Hatsue ta zaci kuka ne, sai ta ga har da dariya a ciki.

"Ita ta ba shi."

"Wa?"

"Mama. A asibiti, ina zaune ina fere mata tuffa. Yana ta naci, haba Tokie, haba Tokie, ni kaɗai za ki bari da tsohuwa? Ta ce masa, kai dai ka fiye mita. Jikina duk na Akita ne. In ka matsa, ɗauki ƙaramin yatsa, ya ishe ka." Ta share hanci da hankici. "Muka yi dariya, har shi. Na ɗauka wasa ne."

"Gen-san bai san wasa ba in dai a kan tara abu ne."

"Kuma ya rasa inda zai ajiye ta sai a cikin wancan mummunan."

"A ɗakin sanyi dai take," in ji Hatsue. "Ta fi shi jin daɗi."

Mizuho ta naɗe takardar yadda take. Suka fito. Jama'a sun riga sun rufe Genzo da fararen furanni har wuya. Mizuho ta sunkuya, ta laluba ƙarƙashin furannin ta sami hannunsa na hagu, ta tura takardar cikin tafinsa.

Mai shirya jana'izar ya matso, idonsa a kan hannunta. "A gafarce ni, me aka saka?"

"Takarda ce," Mizuho ta ce. "Saƙo daga matarsa."

Ya sunkuyar da kai ya ja baya. Aka ɗora murfi.

Awa ɗaya da rabi suka jira a gidan ƙonawa. Aka kawo shayi da cincin ɗin shinkafa, Hatsue ba ta taɓa ba. Da aka kira su, farantin na fitar da zafi har yanzu. Ƙasusuwan farare tas, babu ɗigon komai. Mizuho ta ƙi yarda ta tsinta da kowa sai ita. Suka kama ƙashi ɗaya da tsinke bibbiyu, suka ɗaga tare, suka saka a tulu. Hatsue ta yi ta duban wajen da hannun hagu ya kwanta. Ƙananan ƙasusuwa ne birjik da farin gari, ba a gane na wane da na wance. Ma'aikacin ya share duka da ɗan burushi ya juye a tulun.

Da yamma Mizuho ta leƙo ta taga, ta riga ta cire baƙar rigar, ta ɗaure gashi.

"Goggo, gobe zan koma. Dodannin sai na dawo in ga yadda zan yi da su. Mai hararar ki riƙe shi."

"Gidana da zafi. Zai karkace."

"Ai kin iya miƙe shi yanzu. Na'urar sama kuma na bar ta a kunne. Ki bar ta haka har zafi ya wuce."

Hatsue ta sa dodon kan tebur, ta juyo masa fanka, ita ta zauna gefe da mafici. Ta bangon ana jin ƙugin na'urar a gidan da babu kowa. Jirgin ƙarfe shida ya wuce, kofuna suka yi ƙara a kan kanta, dodon ya ɗan girgiza, ba abin da ya motsa a cikinsa. Ido ɗaya na kallonta, ɗayan na kallon bangon Genzo.